Taswirar Waya a Hanyar Goronyo

Tambaya: Ina sarin albasa a ƙauyukan Wurno, Rabah da Goronyo, sabis kuma na yawan ɗaukewa. Sai na sayi na'urar GPS daban? Daga wani ɗan kasuwa, Wurno.

Amsa: Alhaji, Allah ya sa albarka a nema. Adana kuɗinka. GPS ɗin wayarka daga tauraron ɗan'adam yake samun saƙo, ba ruwansa da sabis. Taswirar ce ke cin data. Inda sabis ke da ƙarfi, sauke taswirar yankin a Google Maps, ka ƙara da manhajar taswira ta OsmAnd, ka riƙe fawa banki saboda caji. Amma taswira ba ta san ambaliyar Gulbin Rima ko halin tsaro ba. Tambayi direbobin tasha kafin ka tashi, kuma ka guji tafiyar dare.