Sabon Zango: Masaukin Da Ya Zama Gida

Mu 'yan ajin ƙarshe ne aka ɗora wa darasin tarihi a littafin bana. Muka ce ba sai mun je nesa ba, unguwarmu Sabon Zango ta nan Ankara ta ishe mu.

Malamanmu sun saba mana da fara kowane darasi da ma'anar kalma a lugga, sannan a isɗilahi. To, zango a lugga shi ne inda ayarin fatake ke sauka idan rana ta yi, a sauke wa jakuna kaya, a dafa abinci, a kwana, da asuba madugu ya ce a tashi. A isɗilahin mutanen Gana kuwa, zango unguwa ce ta Musulmi waɗanda kakanninsu suka zo daga wani wuri. Ku lura da wannan: sunan yana cewa gobe za mu wuce, alhali mun fi shekara ɗari a nan.

Kakanninmu sun daɗe suna bin hanyar Gwanja, suna kai kanwa da tufafi Salaga, suna komawa da goro. Abubuwa uku suka jawo su bakin teku. Turawan Ingila sun ɗebi Hausawa soja a yaƙinsu da Tonawa, wato Asante, a 1874. A 1877 suka mai da hedkwatarsu daga Kef Kos zuwa Ankara. Sai yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, fatake suka bazu. Goro ma ya samu sabuwar hanya, ana loda shi a jirgin ruwa zuwa Ikko.

Cikin malaman da suka zauna Ankara a wancan zamani akwai Malam Neno, mutumin Katsina, wanda ya kafa Zangon Malam a tsakiyar gari. Da wurin ya cika, ga kuma jayayya kan shugabanci da limanci tsakanin manyan al'umma, sai ɗansa Malam Baƙo ya nemi fili wurin sarakunan Ga, masu ƙasar, can bayan gari. Wajen 1912 ya tashi da iyalinsa da mutanensa. Shi ya sa aka ce Sabon Zango, don akwai tsoho. Sarautar unguwa tana gidansa har yau. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne yadda aka cika unguwar. Ba da kuɗi aka cika ta ba, da sauke baƙi ne. Mutum zai iso daga Kano ko Sakkwato ko ƙasar Zabarma, bai san kowa ba, ba ya jin Ga, ba ya jin Turanci. Sai a kai shi wurin wani maigida. Maigida ya sauke shi a zaure, a kawo masa ruwa da tuwo, a ajiye masa kayansa da kuɗinsa amana. Idan shanu ya kawo ko goro yake nema, maigida ne dillali, shi ke tsaya masa idan za a ba da bashi, ya samu la'adarsa. Idan baƙo ya zauna aka ga halinsa, a nuna masa inda zai yi ɗaki, wani lokaci har a ba shi 'ya. Bayan shekaru shi ma ya zama maigida, ya sauke wani. Tsofaffi sun ce mana zaure ba ɗaki ba ne kawai: nan ake karatun allo, nan ake sulhu, nan ake ɗaurin aure, kuma shi ne iyakar namiji baƙo, ba ya wucewa cikin gida.

Amma kalmar baƙo ta taɓa cizon mu. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasa. Mutane suka sayar da kaya a wulaƙance, aka cika manyan motoci zuwa Najeriya da Nijar da Togo. Cikinsu har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya, ba su taɓa ganin garin da aka ce nasu ne ba. Kakanninmu mata ba su son dogon zance a kan wannan shekara. Sai su ce “lokacin kora”, su yi shiru.

Yau kam unguwa ta shige tsakiyar birni. Ga Abosi Okai da kasuwar kayan mota a maƙwabtanmu, inda yayyenmu da yawa ke neman abinci. Da asuba layin koko da ƙosai, kafin hantsi mai wake ta sauke tukunya. A lungu ɗaya za ka ji Hausa da Ga da Tuwi da Zabarmanci, kuma Hausar ce kowa ke ciniki da ita, har maƙwabtanmu Kirista. Ranar suna ko addu'ar mamaci a kafa rumfa a tare hanya, ba mai cewa don me. Ba za mu ɓoye ba, kwatocinmu suna cika idan damina ta zo, kuma gidaje da yawa ba su da bayan gida sai na haya.

Gidajen ne suka fi canjawa. Gidan da mutum ɗaya ya gina yanzu magada talatin ke da haƙƙi a ciki. Kowa ya ja rabonsa, ya ƙara ɗaki a tsakar gida, ya zuba 'yan haya. Zaure da yawa an mai da su shago ko ɗakin kwana. Wanda ya sauka daga mota yau ba a tambayarsa daga wane gari, sai dai ko yana da kuɗin haya na shekara biyu. Ba mu ga laifin iyayenmu ba, rayuwa ta yi tsada. Sai dai a ganinmu, gidan da ya rasa zaurensa ya rasa wurin da yara ke zama su ji waye kakansu.

Wannan kuwa ba ƙaramin rashi ba ne. Wasu cikinmu sun je yin katin ɗan ƙasa, da aka ji sunansu sai aka ce, “Kai ɗan ina ne asali?” Yaro ya tsaya yana inda-inda, alhali an kafa unguwarsu shekara arba'in da biyar kafin Gana ta samu 'yancin kai a 1957. Tsarin mulkin 1992 yana duba iyaye da kakanni ne wajen zama ɗan ƙasa, ba ya duba ko sunanka Kofi ne ko Garba.

Don haka muka roƙi Malam, ya kuma yarda, cewa 'yan ajin da ke bin mu kowa zai kawo tarihin gidansu a littafin baɗi. Tambayoyin guda huɗu ne: wa ya gina gidan, daga ina ya zo, wane maigida ya sauke shi, su wa shi kuma ya sauke. A fara da kaka mace, don su suka fi riƙe sunaye, a je mata bayan la'asar da ɗan goro a hannu.