A Gyara Tukunya Sannu A Hankali

Jama'a, akwai kuskuren da ake yawan yi idan likita ya gaya wa magidanci jininsa ya hau, ko suga ya yi masa yawa. Sai ya dawo gida a firgice, ya tara iyali ya kafa doka: daga yau ba gishiri, ba mai, ba shinkafa, ba shayi. Uwargida ta yi masa miya salam, ya yi kwana uku yana ci yana yatsine fuska, ran na huɗu a hango shi gaban mai tsire. Kada a ga laifinsa da yawa. Harshe da ciki sun saba da abin da aka raine su da shi shekara da shekaru, ba sa sake hali dare ɗaya.

Mu fara da gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada abin da baligi zai ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin cikin cokalin shayi guda. A cikin wannan lissafi har da gishirin da ba a gani: na dunƙulen ɗanɗano, na burodi, na yajin tsire, na taliyar leda da yara ke so. To, maimakon a hana gaba ɗaya, uwargida ta rage dunƙule ɗaya daga tukunya wannan makon, ta ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa. Bayan mako biyu ta sake ragewa. Ba ma sai ta yi shela ba. Cikin 'yan makonni harshe zai daidaita, har idan aka ci abincin biki a ji gishiri ya yi yawa. A kuma lura da kanwa, domin 'yar'uwar gishiri ce a jiki. Tun cikin shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego.

Haka suga. Mai zuba cokali huɗu a shayi ya koma uku, daga baya biyu. Lemun kwalba guda kan ɗauki cokali 8 ko 9 na suga, don haka mai sha kullum ya mai da shi na ranar Juma'a, sauran kwanaki ruwa ko zoɓo marar zaƙi sosai.

Ganye kuwa ba sai an nema daga nesa ba. Ga zogale, ga rama, ga yakuwa da alayyahu da kuɓewa. Hukumar nan ta ba da shawarar giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a yini. Amma wanda bai saba ba, in ya auka wa kwaɗon zogale da wake lokaci guda, cikinsa zai kumbura ya yi ta ƙugi, sai ya ce ganye ba ya karɓarsa. Alhali gaggawa ce ta cuce shi. A fara da kaɗan, a sha ruwa sosai. Wake kuma a jiƙa shi ya kwana, a zubar da ruwan, sannan a dafa ya nuna lugub.

Yanzu ga maganar abincin da ba ya karɓar mutum, kuma a nan ne aka fi ruɗewa.

Madara ita ce kan gaba. A cikinta akwai wani irin suga da likitoci ke kira laktos. Jariri yana da sinadarin narkar da shi a hanjinsa, amma bayan yaye sinadarin kan yi ta raguwa a jikin yawancin mutane. Kusan kashi biyu cikin uku na baligai a duniya haka suke. Binciken da aka yi a Nijeriya a farkon shekarun 1970 ya nuna akasarin Fulani makiyaya suna narkar da ɗanyar madara har girmansu, akasarin Yarbawa kuwa ba sa iyawa. Abin gado ne, ba cuta ba ce, ba kuma sammu ba. Alamarsa ita ce, ba da daɗewa da shan shayi mai kauri ba, sai ciki ya kumbura, ya murɗa, iska ta yi yawa, wani har da gudawa.

Mai wannan hali ba dole ne ya rabu da madara kwata-kwata ba. Da yawa suna iya shan abin da bai wuce kofi guda ba, musamman in an haɗa da abinci. Kindirmo da nonon da ya kwana sun fi sauƙi, saboda ƙwayoyin da ke tsamar da shi sun riga sun cinye wani ɓangare na sugan. Shi ya sa za ka ga mutum yana shan fura da nono lafiya lau, amma madarar gari ta hana shi sakat.

Alkama ma tana da nata. Kimanin mutum 1 cikin 100 a duniya hanjinsa ba ya jure wani sinadari da ke cikinta, sai ya yi ta rama da gudawa da ƙarancin jini. Wannan kam sai gwajin asibiti, kuma kada a daina cin alkamar kafin gwajin, don kada sakamako ya ɓata. Wanda aka tabbatar yana da shi zai bar burodi da taliya da finkaso da alkaki har abada, ya riƙe gero da dawa da masara da shinkafa da acca, waɗanda babu wannan sinadari a cikinsu.

Yaya mutum zai gane abin da ke damunsa? Ya samu ɗan littafi, ya riƙa rubuta abin da ya ci da yadda ya ji. In zarginsa ya tsaya kan abu guda, ya bar shi shi kaɗai mako biyu zuwa huɗu, sannan ya sake gwada kaɗan. Idan ciwon ya tafi ya kuma dawo, an kama ɓarawo. Wanda ya bar abu biyar lokaci ɗaya ba zai san mai laifin ba, ga shi ya jawo wa kansa yunwa. Yara da masu juna biyu kuwa kada a hana su wani abinci sai da shawarar ma'aikacin lafiya.

Akwai inda wannan gwaji ba ya halatta. Wanda ya ci gyaɗa ko ƙwai ko kifi, nan take leɓɓansa suka kumbura, borin jini ya feso masa, numfashi ya yi wuya, a garzaya da shi asibiti, kuma kada ya sake ɗanɗana abin da sunan gwaji, ko da ƙanƙane ne. Haka wanda ke ganin jini a bayan gida, ko yake rama ba dalili, ko amai ya ƙi tsayawa, ko haɗiya ta gagare shi. Irin waɗannan a bar zargin abinci, a je likita ya duba.