Yadda Za Ka Yi Amfani Da Wayarka Wajen Kauce Wa Ciwon Kan Hawan Dutse

Idan kun tashi daga Barnawa ko Sabon Tasha kuka je hawan duwatsun Kajuru ko Kagoro, kanka ya kama sarawa, ka zargi rana da ƙishirwa. Kaduna tana kan tudun kusan mita 600 ne daga saman teku, shi kuwa ciwon kan da tsayin dutse ke jawowa yakan fara ne daga wajen mita 2,500. Ko Chappal Waddi na jihar Taraba, dutse mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. Wanda zai hau Dutsen Kamaru (sama da mita 4,000) ko Kilimanjaro (5,895), shi ne wannan darasi ya fi shafa.

Yayin da kake yin sama, nauyin iska yana raguwa, kowane numfashi sai ya shigo da iskar oksijin kaɗan. Jiki zai saba, amma sai an ba shi kwanaki. Shawarar likitoci ita ce: da zarar ka wuce mita 3,000, kada wurin kwananka na yau ya fi na jiya da sama da mita 500, kuma ka huta yini guda bayan kowane kwana uku ko huɗu.

A nan waya ke da rana. GPS ba ya buƙatar sabis ko data, don haka tun kana gida ka sauke taswirar yankin a manhajar OsmAnd. A iPhone, manhajar Compass ma tana nuna tsayin wuri. Kowane dare ka rubuta lambar inda za ka kwana, ka cire ta jiya. GPS yakan yi kuskuren 'yan mitoci, ba komai. Sanyi na zuƙe caji, ka kwana da wayar a aljihu, ka riƙe fawa banki.

Agogon hannu mai auna oksijin fa? A ganina kada ka ba shi amana. Sanyin hannu ko motsi kaɗan na rikita shi. Idan ya nuna lafiya lau amma kanka na sarawa, kai za ka saurara: ka tsaya, ka sha ruwa, kada ka ƙara hawa. Maganin acetazolamide na taimakawa, amma likita za ka tambaya kafin tafiya.

Idan kuwa abokin tafiya ya fara tangaɗi, ko rikicewar magana, ko haki alhali yana zaune, a sauko da shi nan take, ko da tsakar dare ne.