Baƙin Mai: Kauri Kaɗai Ba Shi Ne Kariya Ba

'Yan uwana ɗalibai, musamman na sashen injiniyan kanikanci, darasinmu na wannan fitowa a kan baƙin mai ne. Ko ba ka da mota, ai gidanku ba za a rasa babur ko janareto ba, kuma duk ɗalibin kwalejin fasaha idan ya je hutu shi ake tambaya.

Lokacin da nake aikin koyon sana'a a wani gareji a Gusau, kawuna ya kawo motarsa Toyota Corolla ƙirar 2005, wadda yake zirga-zirga da ita tsakanin Gusau da Tsafe. Wutar gargaɗin inji ta kama, motar tana ƙara da safe in an tayar, ga shan fetur. Da Oga ya buɗe murfin saman injin sai muka ga dauɗa baƙa ƙirin ta daskare kamar kwalta. Na tambayi Kawu wane mai yake zubawa. Ya ce na awo yake saye a bakin hanya, mafi kauri da ya samu. Na ce, "Kawu, ai a murfin an rubuta 5W-30." Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, nan Zamfara ta, ba Turai ba. Wannan ruwa-ruwan mai ina zai iya da zafinmu?"

Yawancin direbobinmu haka suke tunani. To bari mu bi maganar daki-daki.

Mene ne kaurin mai?

Ku tuna man shanu: da hunturu yakan daskare, da bazara ya narke. Baƙin mai ma haka yake, in ya yi sanyi ya yi kauri, in ya ɗauki zafi ya tsinke. Aikinsa shi ne ya shiga tsakanin ƙarafan da ke gugar juna, ya kwashe zafi, ya wanke dauɗa. Tazarar da ke tsakanin kirankishaf da mazauninsa ba ta kai kaurin gashin kai ba. In mai ya tsinke da yawa, ƙarfe zai ci ƙarfe. In kuma ya yi kauri da yawa, zai yi jinkirin isa inda ake buƙatarsa, inji ya sha wahalar juyawa, fetur ya ƙare a banza.

Fassarar lambobin jikin galan

Ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE, wadda aka kafa a Amurka a 1905, ita ta tsara waɗannan lambobi a ƙa'idarta mai suna J300. Mu ɗauki 5W-30. Harafin W na nufin lokacin sanyi, lambar da ke gabansa kuma tana nuna yadda man ke gudu a cikin sanyi. Mai 5W ana gwada shi a digiri 30 ƙasa da sifili, 15W a digiri 20 ƙasa da sifili, 20W kuma a digiri 15 ƙasa da sifili. Lamba ta biyu ita ce kaurin man a digiri 100 na ma'aunin salshiyas. Mai lamba 30 yana tsakanin santistok 9.3 da 12.5, mai 40 daga 12.5 zuwa 16.3, mai 50 kuma daga 16.3 zuwa 21.9.

Man da ke da lamba biyu an zuba masa sinadaran da ke hana shi saurin tsinkewa in ya ɗauki zafi. Wanda aka rubuta SAE 40 ko SAE 50 kawai ba shi da wannan gata, shi ya sa da safe yake nauyi.

Zafin gari ko zafin inji?

Nan ne Kawu ya yi kuskure. Gaskiya ne a watannin Maris da Afrilu zafin Gusau yakan kai digiri 40. Amma injin mota mai lafiya yana aiki ne a wajen digiri 90 zuwa 100, ko a Tsafe yake ko a Jamus. Lagireto da fanka da tamostat su ne ke riƙe shi a nan. Wato kamfani ya riga ya zaɓi man da zai jure zafin da ya ninka na garinmu. Zafin gari yana ƙara wa man zafi, musamman in an yi lodi ko an daɗe a cunkoso, amma ba shi ne zai sa ka tsallake daga 30 zuwa 50 da ka ba.

Sanyi kuwa, ko da hunturu ba mu kusantar inda 20W zai kasa tayar da inji. Sai dai ku lura: a digiri 40, mai 20W-50 ya ninka 5W-30 kauri fiye da sau biyu. Ke nan duk safiya man mai kauri ya fi jinkirin hawa saman inji, alhali a daƙiƙoƙin farko na tayarwa ne ƙarafa suka fi cin juna.

Ga kuma wani abu. Injin irin Corollar Kawu yana da tsarin VVT-i, wanda ke amfani da matsin baƙin mai wajen sauya lokacin buɗewar bawul. Man yana bi ta ƙananan hanyoyi da wata 'yar raga. A motar Kawu ragar nan ce ta toshe. Laifin ba na kauri kaɗai ba ne: man awon ba a san abin da ke cikinsa ba, ga shi ya daɗe bai yi juye ba. Muka wanke, muka sauya filta, muka zuba 5W-30, wutar ta mutu, ƙarar safe ta tafi.

Inda ni ma na kwafsa

Da na ga haka sai kaina ya kumbura. Na je hutu Bungudu, na ɗauki ragowar man motar na zuba wa babur ɗin yayana, ina ta yi masa lacca. Kwana kaɗan ya ce, "Kai Malam Injiniya, me ka yi wa mashin ɗina? Ina ba shi wuta, sai ƙara, ba gudu." Kuloci ne yake zamewa. A irin baburan da muke hawa, inji da giya da kuloci duk mai ɗaya suke sha, man motar zamani kuma akan sa masa sinadarin ƙara santsi don rage shan fetur. Shi ya sa babur yake da nasa man mai alamar 4T da JASO MA, ƙa'idar da Japan ta fitar. Ga shi iska ce ke sanyaya injinsa, ba ruwa ba, don haka ya fi ɗaukar zafi, kuma mai kauri irin 20W-50 shi ya fi dacewa da yawancinsu. Da kuɗin makarantata na sayi wani man na biya kuɗin gyara.

Ashe ba tsinkakken mai ne gwani ba, ba kuma mai kauri ba. Kowane inji da nasa.

To yaya za ka zaɓa?

Na farko, duba murfin zuba mai ko littafin motar. In babu littafin, sa sunan mota da shekara da lambar inji a intanet. Wasu littattafan suna da jadawalin da ya halatta mai fiye da ɗaya gwargwadon zafin gari. Kana iya ɗaukar na sama a cikin jadawalin, amma kada ka fita daga cikinsa.

Na biyu, dubi shekarun inji. Tsofaffin motoci irin Peugeot 504 an ƙera su ne a zamanin mai kauri, 20W-50 bai yi musu yawa ba. Injin da ya sha tafiya har ya fara shan mai ana iya ɗaga masa mataki ɗaya, daga 30 zuwa 40. Amma in salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, ringi ko robar bawul ne suka gaji. Mai kauri ɓoye ciwon kawai zai yi.

Na uku, duba alamar API. Mai farawa da S na injin fetur ne, mai farawa da C na dizal. SL ta fito a 2001, SN a 2010, SP a 2020. Ta baya-bayan nan tana maye gurbin ta da a injin fetur.

Na huɗu, ka guji man awo da galan da aka ɓalle hatiminsa. Hukumar SON ta daɗe tana gargaɗi a kan jabun baƙin mai.

Na biyar, ƙurar hunturu da gajerun tafiye-tafiye suna saurin kashe mai. A garejinmu kilomita 5,000 ko wata 6 muke bi, tare da sauya filta. Kuma kada ka bari a cire maka tamostat da sunan maganin zafi. A wanke lagireto, a gyara fanka.

Kafin fitowa ta gaba, kowa ya buɗe bonet ɗin motar gidansu, ya karanta abin da ke murfin, ya kwatanta da galan ɗin da aka yi juye da shi. In sun saɓa, ka yi wa mai motar bayani cikin ladabi. Ni dai Kawu har yau "ruwa-ruwan mai" yake ce masa, amma shi yake saye.