Kuɗin Ajiyar Ɗan Haya: Na Waye Ranar Da Aka Tashi Daga Gida?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa.



Darasinmu na yau a babin Ijara yake, wato haya, kuma a kan mas'ala guda: kuɗin da mai gida ke karɓa daban bayan kuɗin haya, ya ce zai riƙe saboda ko ɗan haya zai yi ɓarna. Ejan-ejan suna ce masa "koshon fi", mu a nan za mu kira shi kuɗin ajiya.

A da, a yankinmu na Gwarzo da Kabo, ba a san wannan ba sosai. Mutum zai zo da wanda ya san shi, a yi magana a zaure, a ba shi makulli. Yanzu abin ya canza. Ga ɗaliban Makarantar Nazarin Muhalli da ke Gwarzo, wadda ke ƙarƙashin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, ga na babbar makarantar gwamnatin tarayya da aka kafa a Kabo, ga ma'aikatan Babban Asibitin Gwarzo, ga malaman makaranta da 'yan bautar ƙasa, ga masu shaguna a bakin titin Kano zuwa Dayi. Baƙi sun yawaita, tsarin hayar birni ya biyo su. Rigimar da ake kawo mana ita ce: an tashi, an miƙa makulli, an ce a dawo da kuɗin ajiya, sai mai gida ya ce "ai an yi fenti da su", ko "ka dawo wata mai zuwa", ko ma "wane kuɗi?"

1. Wane irin kuɗi ne wannan a Fiƙihu?

Kuɗi uku ne mutane ke cakuɗawa, dole mu rarrabe su.

Na farko kuɗin haya, wato ujra. Wannan na mai gida ne, musanyar zaman da aka yi a gidansa.

Na biyu kafin alƙalami, wanda Larabawa ke kira arbun. Shi ana ba da shi ne don a kama gida kafin a kammala biya. Idan aka yi sharaɗin cewa wanda ya fasa ya yi asararsa, Malikiyya da mafi yawan malamai sun hana, Hanabila sun halatta. Wannan darasi ne na wata rana.

Na uku shi ne kuɗin ajiya. Shi ba farashin komai ba ne. Malamai na wannan zamani suna ɗaukarsa a matsayin jingina, wato rahnu, ko amana da aka ajiye don tabbatar da haƙƙi. Ko wanne ka ɗauka, hukuncin ɗaya ne: kuɗin bai fita daga mallakar ɗan haya ba. Mai gida riƙo kawai yake yi. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya kawo hadisin da ke hana wanda aka ba jingina ya mallake ta haka kawai. Kuma Allah ya umarce mu da mayar da amanoni ga masu su a Suratun Nisa'i, aya ta 58, ya kuma hana cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna a aya ta 29 ta wannan surar.

Akwai wani abu da malamanmu na Malikiyya suka faɗa wanda ya kamata masu gidaje su ji. Sun ce idan abin da aka jinginar tsabar kuɗi ne, to a ƙulle shi a yi masa hatimi, don kada wanda ke riƙe da shi ya juya shi. Da zarar ka sa hannu ka kashe, ya zama bashi a wuyanka. Saboda haka, Alhaji, idan ka sayi siminti ko takin zamani da kuɗin ajiyar ɗan hayarka, ka sani bashi ka ci, kuma ranar da ya tashi ranar biya ce. "Kuɗin sun shige" ba uzuri ba ne.

2. Ɗan haya amintacce ne

Wannan ita ce ƙa'idar da komai ke kanta. Hannun ɗan haya a kan abin da ya yi haya hannun amana ne. Amintacce kuwa ba ya biyan abin da ya lalace sai ta ɗayan hanyoyi biyu: ta'addi, wato ya ƙetare iyakar abin da aka ba shi izini, ko tafriɗi, wato ya yi sakaci da abin da ya kamata ya kiyaye. Duk wanda ya yi karatun Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, ya wuce ta wannan wurin: wanda ya yi hayar kaya ya lalace a hannunsa ba ya ramuwa, kuma ana gaskata shi sai in ƙaryarsa ta bayyana.

To mu sauko da ita ƙasa.

Abin da ba a cire wa ɗan haya ko sisi saboda shi: fenti ya dushe bayan shekara biyu ko uku, kwano ya tsufa ya fara yoyo, silin ya yi tabo saboda yoyon, gara ta ci azara ko ƙyaure, katanga ta tsage ko ta faɗi a damina, daɓe ya farfashe don tsufa, kan famfo ya cinye don yawan buɗewa da rufewa. Duk waɗannan kuɗin hayar da kake karɓa ya riga ya biya su. Ai wanda ya ba da gida haya ya san zama za a yi a ciki, ba kallo ba.

Abin da ake cirewa: ya fasa gilashin taga, ya ɓalle ƙofa don ya ɓatar da makulli, ya huda bango ya sa na'urar sanyaya ɗaki ba da izini ba, ya mai da ɗakin kwana wurin girki da itace har bango ya yi baƙi, ya ɗaure awaki a inda aka ce kada a yi kiwo suka lalata wurin, ya bar famfo a buɗe ya yi tafiya ruwa ya jiƙa gini. Haka kuma ragowar kuɗin haya da bil ɗin wuta na watannin da ya zauna.

Ko a nan ma akwai adalci. Ƙimar abin da aka ɓata ake cirewa a halin da yake, ba kuɗin sabo fil ba. Ƙofar da ta shekara goma ba a biyanta da farashin ta yau a kasuwa.

Misali: a ce malamar makaranta ta kama ɗaki biyu a Getso, ta ba da ajiyar N30,000. Bayan shekara biyu aka yi mata canjin wurin aiki. Aka duba, gilashi ɗaya ya fashe, gyaransa N6,000, akwai kuma bashin wuta N4,000. Haƙƙin mai gida N10,000 ne. N20,000 nata ne, a ranar. In ya riƙe don ya yi wa sabon ɗan haya fenti, haram ya ci, ko da kuwa kowa a unguwar haka yake yi.

3. Wa zai kawo hujja?

Hadisin Ibnu Abbas (RA) da Baihaƙi ya ruwaito, wanda yake na 33 a cikin Arba'una ta Imam Nawawi, ya ɗora hujja a kan mai da'awa, rantsuwa kuma a kan wanda ya musa. Idan mai gida ya ce "kai ka fasa", shi ne mai da'awa, shi zai nuna cewa abin lafiyarsa ƙalau lokacin shiga kuma ɓarna ce ba tsufa ba. Bai isa ya yanke wa kansa hukunci ba don kawai kuɗin suna aljihunsa.

Amma ɗan haya, ka kula fa. Idan mai gida ya ce sam bai karɓi wani kuɗin ajiya ba, yanzu kai ne mai da'awa. Ba rasit, ba shaida, to sai dai ya rantse, ka bar shi da Allah. Nan ne da yawa suke asara.

4. Sharuɗɗan da ake sawa a takarda

Asali Musulmi suna kan sharuɗɗansu, kamar yadda ya zo a ruwayar Abu Dawud da Tirmizi, kuma ayar farko ta Suratul Ma'ida ta wajabta cika alƙawari. Sai dai sharaɗin da ya halatta haram ba ya aiki.

Sharaɗin cewa ɗan haya ne zai riƙa yashe masai ko sokawe, Malikiyya sun halatta shi. Haka sharaɗin a yi gyara a cire a cikin kuɗin hayar da ya wajaba. Amma sharaɗin cewa "duk abin da ya lalace, ko ta wace hanya, ɗan haya ne zai biya", mafi yawan malamai ba su yarda da shi ba, domin ya mai da amintacce mai ramuwa. Wanda kuma zai rubuta "kuɗin ajiya ba a mayarwa", sai mu ce masa: to wannan ba ajiya ba ce. In ƙarin haya kake so, ka faɗa a fili, mutum ya ga zai iya ko ba zai iya ba.

Dillalai da ejan-ejan, la'adarku daban, ajiya daban. In ta hannunka kuɗin suka bi, ka miƙa su, ka rubuta wanda ya karɓa. Kada ranar tashi kai ka ce suna wurin Alhaji, Alhaji ya ce bai taɓa ganinsu ba.

5. Jinkiri ma zalunci ne

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa jan ƙafar mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Kowa ya ga yadda farashi ya tashi tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Kuɗin da ka riƙe wa bawan Allah wata shida kana ce masa "je ka dawo", ranar da za ka ba shi ba za su sayi abin da za su saya a da ba. Ga kuɗin motar da yake kashewa daga Kano ko Ƙaraye yana zuwa ƙofar gidanka. Sau da yawa ma da kuɗin nan yake so ya cika na sabon wurin da zai koma da iyalinsa.

6. Yadda wasu wuraren suka tsara

Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ce a ba da rasit na daban a kan irin wannan kuɗi, kuma ɗan haya yana da haƙƙin a ba shi bayani a rubuce na yadda aka kashe su. A Ingila, tun 2007, ana tilasta wa mai gida ya yi rajistar ajiyar a wani tsari na musamman mai zaman kansa, kuma tun 2019 aka ƙayyade cewa a galibin gidaje ba za ta wuce kuɗin hayar mako biyar ba. Waɗannan dokokinsu ne, ba su ke aiki a Gwarzo ko Kabo ba. Na kawo su ne don mu ga cewa abin da suka tsara, rubutu da ajiyewa a hannun wani amintacce, mu mun daɗe da shi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, ta 283 kuma a kan jingina. Malamanmu ma sun halatta a ajiye jingina a hannun adali na uku da ɓangarorin biyu suka yarda da shi.

7. Abin da nake ba da shawara

Kafin shiga: a rubuta adadin ajiyar daban da kuɗin haya, da abin da za a iya cirewa, da ranar mayarwa. A samu shaidu biyu. A zagaya gidan tare, a ɗauki bidiyo da waya, kowane ɗaki, da banɗaki, da lambar mita, a tura wa juna ta WhatsApp. In ta banki aka tura kuɗin, a ajiye shaidar. Kada kunya ta hana ka. Wanda ya ce "haba, ba ka yarda da ni ba ne?" ka ce masa Allah ne ya ce a rubuta, kuma akwai mutuwa, magada ba su san abin da aka yi a zaure ba. In mai gida ya rasu, kuɗin nan bashi ne da ake fitarwa kafin rabon gado.

Lokacin zama: duk abin da ya fara lalacewa, ka sanar da wuri. Ka ga yoyo ka yi shiru har silin ya rufto, ka buɗe wa kanka ƙofar zargin sakaci.

Ranar tashi: a sake zagayawa tare kafin a miƙa makulli. In an saɓa a kan kuɗin gyara, a kira magini ko kafinta da kowa ya yarda da shi ya ƙiyasta.

In abin ya ƙi: a fara da sulhu wurin mai unguwa ko dagaci ko limamin unguwa. In bai yiwu ba, akwai ofishin Hisbah na ƙaramar hukuma, akwai kotun shari'ar Musulunci. Neman haƙƙinka ta wannan hanya ba rashin kunya ba ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗan haya ya rama da kansa, ya kwance famfo ko fanka ya tafi da su, ko ya ƙi biyan hayar watannin ƙarshe ba tare da an yi yarjejeniya ba. Kuma wanda ya san ya yi ɓarna ya rufe ta da labule ko kalanda, ya faɗa. Ha'inci ha'inci ne, ko daga mai gida ko daga ɗan haya.

Masu gidaje, ku tuna hadisin da Muslim ya ruwaito game da wanda zai zo ranar ƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya ci dukiyar wannan ya zalunci wancan, a yi ta ɗibar ladansa ana biyansu har ya ƙare. Wallahi N20,000 ba ta kai a yi wannan cinikin da ita ba. Duk wanda ya san akwai ajiyar wani tsohon ɗan hayarsa a hannunsa, ya neme shi a wannan makon ya mayar masa. In ya rasu, a ba magadansa.

Wallahu a'alam. Allah ya tsare mu da cin haƙƙin bayinsa, ya sa mu gama da duniya lafiya. A darasi na gaba, in sha Allahu, za mu ɗauki hukuncin kafin alƙalami da la'adar dillali.