Darasi: Birgimar Yaro da Haƙurin Iyaye

Ya ku ƴan'uwa Musulmi na Tasawa da Mayahi, ku sani birgima da kururuwa sun fi yawa ga yaro tsakanin shekara 1 zuwa 3, musamman lokacin yaye, sa'ad da ake kai shi gidan kaka. Ba aikin iskoki ba ne. Harshensa ne bai iya faɗin yunwa, gajiya ko kewar uwa ba.

Buhari ya ruwaito daga Anas cewa Annabi (SAW) yakan gajarta salla idan ya ji kukan yaro, don tausayin uwarsa.

To, ku ajiye bulala. Ku tsare shi kada ya ji ciwo, har ya huce, sannan ku rarrashe shi. Mai yunwa a ba shi fura, amma abin da kuka hana shi don amfaninsa, kada kururuwa ta sa ku ba shi, domin gobe zai sake.

Allah Ya shirya mana zuriya, amin.