Kalmomin Cinikin Ƙetare da Fassararsu: Wuyan Wa Hasara Take Hawa?

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a duba waɗansu kalmomi da ake amfani da su wajen sayo kaya daga ƙasashen ƙetare da ɗauko su ta teku, a bayyana abin da kowace take nufi, sa'an nan a gwada yadda za a faɗe ta da Hausa ba tare da an karkatar da ma'anarta ba. Da yawa daga cikin kayan da ake kasawa a Kantin Kwari ta Kano ko a kasuwar Maraɗi sun ratso teku kafin su iso, kuma kowane ɗauri yana tafe da takardun da aka rubuta da Ingilishi ko Faransanci. Ɗan kasuwar da bai iya karanta su ba yakan dogara ne ga wanda ya fassara masa. Idan mai fassara ya kauce a kalma ɗaya, to, jarin mutum ne yake cikin haɗari.

Fataucin da da na yanzu

Hausa ba ta rasa kalmomin ciniki ba. Akwai farke da ayari da madugu da zango, akwai fatoma da dillali da la'ada, akwai kuma fito, watau ƙetarar da mutane da kaya a kogi, wanda daga gare shi aka sami kuɗin fito da ake kiran harajin kwastan da shi a yau. Amma galibin waɗannan kalmomi sun taso ne a zamanin da farke yake tafiya tare da kayansa. Wanda ya tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro shi ne mai kaya, jakunansa ne suke ɗauka, in kuwa goro ya lalace ko mahara suka tare ayari, hasararsa ce, babu wanda zai tuhuma. Saboda haka ba a bukaci a rarrabe abubuwa uku da cinikin teku ya raba ba: wanda zai biya kuɗin dako, da wanda hasara za ta hau wuyansa idan kaya sun salwanta a hanya, da wanda yake da mallakar kayan a wannan lokaci. A cinikin zamani waɗannan uku suna iya zama a hannun mutane dabam-dabam a rana ɗaya, kuma yawancin kuskuren fassara daga haɗe su wuri ɗaya yake tasowa.

Ƙa'idojin miƙa kaya

Ƙungiyar 'Yan Kasuwa ta Duniya, wadda aka kafa a 1919 kuma take da mazauni a birnin Faris, ita ce ta fara tsara ƙa'idojin da ake kira Incoterms a 1936. An sha yi musu gyara, kuma bugun da ya fara aiki ran 1 ga Janairu 2020 yana da ƙa'idoji 11, kowace da haruffa uku. Bakwai sun dace da kowace irin hanyar sufuri, huɗu kuwa, watau FAS da FOB da CFR da CIF, na jirgin ruwa ne kaɗai. Ya kamata a lura tun daga farko cewa waɗannan ƙa'idoji ba su ce kome ba game da mallaka ko yadda za a biya kuɗin kaya. Abin da suke yankewa shi ne inda mai sayarwa zai miƙa kaya, da kuɗaɗen da kowane ɓangare zai biya, da wurin da hasara take sauka daga wuyan wannan ta hau wuyan wancan.

A ƙarƙashin FOB, mai sayarwa ya gama nasa da zarar kaya sun shiga cikin jirgin da mai saye ya zaɓa, a tashar da aka ambata. Daga nan kuɗin dako da inshora da duk abin da ya sami kayan na mai saye ne. Harafin farko na FOB yana tsaye ne a madadin kalmar Ingilishi da aka saba fassarawa da "kyauta", shi ya sa mai gaggawa zai iya cewa "kyauta a kan jirgi". Wannan ba daidai ba ne, domin babu abin da aka ba wani kyauta. Abin nufi shi ne mai sayarwa ya sauke nauyin da ke kansa. "Miƙawa a cikin jirgi" ta fi kusa da ma'ana. Kafin gyaran 2010 iyakar ita ce shingen gefen jirgi, har lauyoyi sukan yi gardama kan buhun da ya kuɓuce daga ƙugiya yana lilo a sama, ko ya faɗa ciki ko ya faɗa waje. Gyaran ya kawar da wannan, ya ce sai kaya sun sauka a cikin jirgi.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne CIF. A ƙaddara wani ɗan kasuwa na Maraɗi ya sayi atamfa daga ƙasar Sin, takarda kuma ta ce "CIF Lome". An gaya masa cewa farashin ya haɗa da kuɗin kaya da inshora da dako har tashar Lome, kuma wannan gaskiya ne. Sai ya ɗauka cewa kayan suna wuyan mai sayarwa har su iso Lome, wannan kuwa kuskure ne. Sunan tashar da aka rubuta yana nuna inda kuɗin dako ya ƙare ne kawai. Hasara ta riga ta koma wuyan mai saye tun ranar da aka yi lodi a Sin, daidai da yadda take a FOB. Idan ruwan teku ya shiga kwantena a tsakiyar hanya ya ɓata atamfa, mai sayarwa yana da haƙƙin karɓar kuɗinsa cif, mai saye kuwa sai ya nufi kamfanin inshora. A nan ma akwai wani ramin. Inshorar da CIF ta wajabta wa mai sayarwa ita ce mafi ƙanƙanta, wadda ake kira sharaɗin C, a kan kashi 110 cikin 100 na darajar kaya. Tana biyan hasarar gobara da nutsewar jirgi da karo da makamantansu, amma ba ta biyan sata, ba ta kuma biyan ɓarnar ruwan da ya kutsa cikin kwantena. Ke nan wannan ɗan kasuwa zai iya tashi babu atamfa, babu kuɗi, alhali kuwa babu wanda ya cuce shi a bisa takarda. Saboda haka fassarar CIF da "farashi da inshora da dako" ba ta isa ba sai an ƙara da cewa "hasara daga tashar lodi". Abin da ɗan kasuwar yake zato ya saya suna gare shi dabam, shi ne DAP, inda kaya suke zama a wuyan mai sayarwa har su iso wurin da aka ambata, ko da tashar tudu ce irin ta Kaduna da aka buɗe a 2018 ko ta Dala a Kano da aka buɗe a 2023.

A Nijeriya, dokar inshora ta wajabta cewa kayan da za a shigo da su a yi musu inshora da kamfanin da yake da rajista a cikin ƙasar, shi ya sa aka fi cin karo da CFR, watau farashi da dako ba tare da inshora ba. Hukuncin hasara a cikinta ɗaya ne da na CIF. Sauran ƙa'idojin ba su da wuyar ganewa: a EXW mai saye ne yake ɗaukar kaya tun daga ƙofar masana'anta, a DDP kuwa mai sayarwa ne yake kai su har gida ya biya kuɗin fito. Sai dai a ambaci cewa FOB ba ta dace da kwantena ba, tun da akan miƙa kwantena ga ma'aikatan tasha kwanaki kafin ta shiga jirgi, kuma a tsakanin nan ta fita daga hannun mai sayarwa amma tana wuyansa. Ƙungiyar ta ba da shawarar a yi amfani da FCA, 'yan kasuwa kuwa har yanzu ba su rabu da FOB ba, don sabo.

Takardar lodi da takardar lamunin banki

Takardar da kamfanin jirgi yake bayarwa bayan an yi lodi tana yin aiki uku. Rasit ce da ke nuna an karɓi kaya, shaida ce ta yarjejeniyar dako, sa'an nan ita ce mabuɗin kayan, domin wanda ya riƙe ta ta asali shi za a miƙa wa kaya a tashar sauka. Akan fitar da ita kwafi uku na asali, da zarar an gabatar da ɗaya sauran biyun sun mutu. Ana iya sa hannu a bayanta a miƙa wa wani, kaya su canja hannu suna tsakiyar teku. Wanda ya kira ta rasit kawai ya zubar da aikinta na uku, wanda shi ne mafi girma. "Takardar lodi" ta fi, in dai an bi ta da bayani.

Ita kuwa takardar da bankin mai saye yake bayarwa, yana alkawarin biyan mai sayarwa idan ya kawo takardun da aka shardanta, babu sunan da ya fi dacewa da ita kamar "takardar lamunin banki". Kalmar lamuni daga Larabci take, daga kalmar da malaman fiƙihu suke amfani da ita wajen tsaya wa wani, harafin ladi ya koma "l" kamar yadda ya koma a alƙali da alwala da layya. Ma'anarta ta asali, watau tsayawa, ita ce ake bukata a nan, ko da yake a bakin mutane ta fi karkata ga bashi. Ƙa'idojin wannan takarda ma ƙungiyar ta Faris ce ta tsara su tun 1933, bugun da ake kira UCP 600 kuma ya fara aiki a 2007. Jigonsu shi ne banki yana duba takardu ne, ba ya duba kaya. Yana da kwanakin aiki biyar ya bincika, in takardu sun dace da sharuɗɗa dole ya biya, ko da daga baya an buɗe kwantena an tarar da abin da bai kai darajar wanda aka saya ba. In kuwa an sami saɓani a takarda, ko na kwanan wata ne, yana iya ƙin biya ko da kaya lafiyayyu ne.

Diyyar jinkiri

Jirgin ruwa yana cin kuɗi ko yana tafiya ko yana tsaye. Saboda haka yarjejeniya takan ba da kwanaki ƙididdigaggu na lodi da saukewa, in an wuce su sai a biya mai jirgi kuɗi a kan kowace rana. Haka ma kwantenar da ta daɗe a tasha ba a fitar da ita ba. Waɗansu sukan ce "tara", amma tara hukuma ce take cin mutum saboda laifi, wannan kuwa kuɗi ne da ɓangarori biyu suka amince da shi tun farko don rama lokacin da aka ɓata. "Diyyar jinkiri" ta fi daidai.

Nijeriya ta ɗanɗana ma'anar wannan kalma a 1975. Hukumomin gwamnatin Janar Yakubu Gowon, musamman Ma'aikatar Tsaro, sun yi odar siminti kimanin tan miliyan 20, alhali tashar Legas ba ta iya sauke abin da ya wuce kimanin tan miliyan ɗaya na siminti a shekara. Jirage fiye da 400 suka yi cincirindo a bakin teku suna jiran layi wata da watanni, diyyar jinkiri tana hauhawa kullum, waɗansu simintin har ya daskare a cikin jirgi. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta hau a watan Yuli na wannan shekara, sai aka tsai da biya. Amma an riga an ba masu sayarwa takardun lamuni daga Babban Bankin Nijeriya, irin waɗanda ba a janyewa. Wani kamfani na ƙasar Suwizalan mai suna Trendtex ya kai ƙara Ingila, a 1977 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta can ta yanke cewa bankin ba zai fake da rigar gwamnati ya kauce wa shari'a ba. A wannan shekara ce aka buɗe tashar Tin Can don rage cunkoso.

Karo-karon hasara

Akwai wata tsohuwar al'ada ta teku wadda sunanta na Ingilishi yake ruɗar mai fassara, domin kalmar da ke cikinsa ita ce ɗalibai suka sani a lissafi da ma'anar "matsakaici". A nan ba ta da alaka da lissafin aji. Abin nufi shi ne, idan jirgi ya shiga haɗari har matuƙi ya zubar da kayan wani a teku, ko ya kashe kuɗi na musamman don a tsirar da jirgi da abin da ke cikinsa, to, ba a bar wa mutum ɗaya hasarar ba. Mai jirgi da duk masu kaya sukan yi karo-karo, kowa gwargwadon darajar abin da ya tsira masa. Ƙa'idojin Yok da Antuwaf, waɗanda aka san su da wannan suna tun ƙarni na 19, su ne ake bi wajen rabon. Kalmar karo-karo ta Hausa ta kama ma'anar sosai, har ta fi sunan asali bayyana abin da ake yi.

An ga aikinta a 2021, sa'ad da jirgin Ever Given ya gicce a mashigin Suwez daga 23 zuwa 29 ga Maris, masu jirgin kuma suka yi shelar karo-karon hasara don kuɗin ceto. A irin wannan hali, wanda ya yi wa kayansa inshora kamfaninsa ne yake ba da takardar tsayawa a sakar masa kaya. Wanda bai yi ba kuwa sai ya ajiye tsabar kuɗi kafin a miƙa masa kwantenarsa, ko da ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba.